Zagi Ba Aikin Bishara Ba Ne



Kusan kowace Lahadi bayan sujada sai wani matashi ya tare mu a ƙofar majami'a, ya miƙo waya ya ce, "Baba Fasto, ka ga abin da ake faɗa a kanmu?" Abin da muke gani ba sabo ba ne: an ce an gurɓata Littafi Mai Tsarki, an ce alloli uku muke bauta wa, an kira mu arna. Da zafi, ba mu musu. Amma yau ba da masu sukarmu za mu yi ba. Da 'yan gida za mu yi, waɗanda suka mai da zagi aikin bishara.

Mutum yana zaune lafiya a babban birni ko a ƙasar waje, ya ɗauki bidiyo yana wulaƙanta abin da maƙwabtanmu Musulmi suke girmamawa, ya sa a Facebook ko TikTok, ya ce Yesu yake karewa. Ya kashe waya ya yi barcinsa. Wa zai kwana ido biyu? Ƙaramar ikilisiya a ƙauyen Katsina, Jigawa ko Zamfara, wadda rijiyarta da kasuwarta ɗaya ce da ta maƙwabta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu manta ba. A Nuwamba 2002 rubutu ɗaya a jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya jawo rikicin da ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna. A Fabrairu 2006 zanen da aka yi a Danmak ya zama dalilin ƙona majami'u a Maiduguri. Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato bayan saƙon murya a WhatsApp. Bari mu faɗa a fili: babu maganar da ta halatta kisa. Alhakin jini yana kan wanda ya zubar da shi, kuma wajibin hukuma ne ta hukunta shi. Amma wanda ya san busasshiyar ciyawa ta kewaye gidan ɗan'uwansa, ya kuma cilla ashana daga nesa, ba jarumi ba ne.

Wasu za su ce, "To, sai mu kama bakinmu kamar matsorata?" Ko kaɗan. Manzo Bitrus ya umarce mu mu zauna a shirye don ba da amsa game da begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Ku tuna, wannan Bitrus ɗin ne ya sare kunnen Malkus, Ubangiji kuwa ya tsawata masa, ya warkar da kunnen (Yahaya 18:10-11, Luka 22:51). Yesu bai nemi irin wannan kariya ba.

Magabatanmu sun sha suka kafin mu. Wajen shekara ta 248, Orijin, mutumin Iskandariya ta Masar, ya amsa littafin wani mai suna Kelsus wanda ya yi wa bangaskiyarmu ba'a. Littattafai takwas ya rubuta. Yakan kawo maganar Kelsus yadda take, sa'an nan ya amsa, har ya zama ta wurinsa ne aka san abin da Kelsus ya rubuta. Wannan aikin ilimi ne, ba na fushi ba.

Gaskiya mai ɗaci ita ce, yawancin masu zagi a cikinmu rashin amsa ne ke damunsu. Alhali kuwa amsa tana nan. In an ce an canza Littafi, akwai tsohon kwafin Sinai na ƙarni na 4, mai ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya cikin Helenanci, hotunansa suna intanet tun 2009, kowa na iya gwada shi da namu. In an ce alloli uku, a buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4 da Markus 12:29, a kuma nuna cewa shaidar bangaskiya ta Nikiya, ta shekarar 325, da Allah ɗaya ta fara. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke cikin Hausa. Laifin wa ne in yaranmu ba su san shi ba? Namu ne, mu fastoci da dattawa.

Saboda haka muna roƙonku. Wanda ya yi tambaya, a amsa masa da ladabi. Wanda ya zo da zagi kawai, a ƙyale shi. Bidiyon ɓatanci, ko Kirista ne ya yi shi, kada a tura wa kowa. In barazana ce, a ajiye shaida a kai wa dattawa da shugabannin ƙungiya, su kai gaban hukuma. Zumuntar matasa kuma ta keɓe lokaci don koyon amsoshin nan.

Magana zarar bunu ce, 'yan'uwa. Ubangiji ya tsare bakinmu da yatsunmu. Amin.