Oasis: Wa Ke Magana da Yawun Nakasasshiya?

Oasis fim ne na Koriya ta Kudu wanda Lee Chang-dong ya rubuta, ya kuma ba da umarninsa, ya fito a 2002. Sol Kyung-gu da Moon So-ri ne suka ja ragamarsa. A bikin fina-finai na birnin Benis da ke Italiya a wannan shekarar, Lee ya karɓi kyautar ba da umarni, Moon ta karɓi ta sabbin 'yan wasa, kuma a 2003 aka naɗa Lee ministan al'adu na ƙasarsu. Wanda ya saba da fina-finan Koriya irin su Jumong da masu turi ke zuba wa matasa a waya a Azare da Yana zai ji fim ɗin bambaraƙwai: babu sarki, babu takobi, babu gimbiya.

Labarin mutum biyu ne da danginsu suka gaji da su. Jong-du saurayi ne mai ƙarancin wayo, ya fito daga kurkuku a tsakiyar hunturu sanye da riga mai gajeren hannu, ya tarar 'yan gidansu sun tashi ba su bar masa sallahu ba. An ɗaure shi ne bisa laifin banke wani mutum da mota har lahira, sai can gaba ake gane cewa wansa ne ke tuƙi, shi ya ɗauki laifin. Da ya je gidan mamacin sai ya iske 'yarsa, Gong-ju, wadda aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓoɓi: hannu a murɗe, wuya a karkace, magana da ƙyar. Hankalinta kuwa garau yake. Wanta da matarsa sun karɓi sabon gida na musamman da hukuma ke ba nakasassu, da sunanta, suka tare, suka bar ta a tsohon gida suna biyan maƙwabta su miƙa mata abinci. Ranar da jami'ai za su zo dubawa sai a ɗauko ta a ajiye a sabon gidan, suna juya baya a mayar da ita.

Akwai wurin da fim ɗin ke da wuyar haɗiyewa. A farkon saninsu Jong-du ya yi yunƙurin keta mata haddi har ta suma. Daga baya ita ce ta kira shi a waya, shaƙuwa ta shiga, ya riƙa goya ta yana fita da ita, mai gidan abinci ya ƙi sayar musu, danginsa suka ɓata rai da ya kai ta walimar mahaifiyarsa. Masu sharhi sun daɗe suna sukar wannan mafari, kuma suna da gaskiya: kaɗaicin mace bai wanke wanda ya fara da zalunci ba.

Sai dai nauyin fim ɗin yana ƙarshensa. Dangin Gong-ju sun same su tare, da yardarta a wannan karon, suka kai ƙarar fyaɗe. A ofishin 'yan sanda ta yi ta fama ta yi bayani, firgici ya ƙara ɗaure mata harshe, matar wanta ta karɓe zancen tana amsawa a madadinta. Babu wanda ya yi tunanin a jira ta natsu. Jong-du ya koma kurkuku. Ba sai mai kallo ya yarda da zaman da suka yi ba aure ba kafin ya ga cewa an yanke hukunci a kan rayuwar mace ba tare da an ji ta bakinta ba.

A ƙasar Katagum auren masu buƙata ta musamman ba baƙon abu ba ne. Makafi da guragu da kurame suna aure suna hayayyafa, kuma tsarin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ya daɗe a masarautun Hausa yana sasanta al'amuransu. A nan Bahaushe ya fi mutanen wannan fim adalci. Amma masu irin larurar Gong-ju suna wajen wannan tsari. Su ne ake ajiyewa a ƙuryar ɗaki a kan tabarma, a jingina abin ga iska ko sammu, alhali likitoci sun san manyan musabbabansa: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau. Saboda baki ba ya buɗuwa da sauri sai a ɗauka hankali ma babu. Ranar rabon zakka ko tallafin azumi kuwa sunanta na kan takarda, wani ɗan'uwa ne ke sa hannu, kuma ba kullum buhun ke isa ɗakinta ba. Haka zancen aure: ko dai a kore shi da dariya, ko a ɗaura da wanda zai rage wa gida nauyi ba tare da an tambaye ta ba. Idan kuma wani ya ci zarafinta, sau da yawa rufin asirin gida ake dubawa, don an san ba za ta iya tsayawa gaban alƙali ta zayyana ba.

Malaman fiƙihu sun amince da ishara da ake fahimta daga wanda ba ya iya magana, har a ɗaurin aure. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu ga mutumin da ya karya ta, an kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Abin da ya rage yana hannun alƙalan kotunan shari'a, limamai masu ɗaura aure, masu unguwanni da 'yan sanda a Yana da Azare. Duk sa'ad da aka kawo maganar irin wannan baiwar Allah, aure ne ko gado ko ƙara, a sa dangi su koma gefe, a nemo wanda ya saba da maganarta kuma ba shi da wata riba a cikin lamarin, a ba ta lokaci ta amsa da kanta ko da za a kai la'asar.