Gidajen Haya da Makomar Mai Ƙaramin Ƙarfi a Haɗeja

Kalmar "haya" baƙuwa ce a Hausa, daga Ingilishi aka aro ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaman haya irin na yau bai daɗe a ƙasar Hausa ba. A da, baƙo yakan sauka ne a hannun mai masauki ko fatoma, malami kuwa gari ne ke ba shi wurin zama. Zuwan aikin gwamnati da makarantun boko da ciniki mai nisa shi ya haifar da wani rukuni na mutane da ke zaune a garin da ba su da gado a cikinsa, suna biyan kuɗin ɗaki wata-wata ko shekara-shekara. Malamin makaranta yana sahun gaba a wannan rukuni. Duk ɗalibin da ke karatun koyarwa ya san cewa ranar da aka ba shi takardar kama aiki, abu na farko da zai nema a garin da aka tura shi, tun kafin alli da rajista, shi ne ɗakin da zai sa tabarmarsa.

Irin ɗakin da sabon malami ke iya biya sananne ne. Gida ne mai ɗakuna a jere, da tsakar gida ɗaya, da rijiya ko famfo ɗaya, da banɗaki na tarayya. A ciki akan sami malami da ɗan dako da ma'aikacin asibiti da mai sayar da kifi, wani lokaci har da bazawara da 'ya'yanta. Ba wanda zai ce irin wannan zama yana da daɗi, domin rikicin shara da layin banɗaki ba sa ƙarewa. Amma shi ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi ne yake ɓacewa sannu a hankali a garuruwanmu.

Hanyar ɓacewar tasa kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, gidan ba ya rabuwa, sai a sa shi a kasuwa a raba kuɗin. Wanda zai iya saye kuwa galibi ɗan kasuwa ne, wanda ya riga ya yi lissafin cewa shago ɗaya a bakin titi ya fi ɗakuna uku kawo kuɗi, kuma mai shago ba ya kawo ƙarar yoyo da tsakar dare. Sai a ba 'yan haya wa'adi, a rushe, a jera shaguna ko ɗakunan ajiyar kaya. Idan gidan a cikin lungu yake, sai a mai da shi gidan iyali ɗaya, ko a yanka shi sassa biyu masu ɗakin girki da banɗaki a ciki, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin waɗanda aka tasa. Ke nan wurin da ya ɗauki iyalai takwas ya koma na iyali ɗaya ko biyu. Babu wanda ya karya doka, babu wanda ya ci haƙƙin magada, amma gari ya yi asarar ɗakuna shida, kuma babu littafin da aka rubuta asarar a ciki.

A wani garin ana iya cewa waɗanda aka tasa su matsa bayan gari, ai fili bai ƙare ba. A Haɗeja wannan magana ba ta da sauƙin faɗa. Ƙaramar hukumar Haɗeja ƙarama ce ƙwarai ta fuskar faɗin ƙasa, amma ƙidayar 2006 ta samu mutane sama da dubu ɗari a cikinta, kuma garin shi ne cibiyar ciniki da mulki ga ɗaukacin masarautar, daga Auyo da Kafin Hausa har Kiri Kasamma da Guri da Birniwa. Tsofaffin unguwanni irin su Rumfa da Majema da Kasuwar Ƙofa sun daɗe da cika. Ga kuma kogi. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, yashi ya cike wasu. An ga abin da ambaliya ta yi a wannan yanki a 2001 da 2012 da 2020, sannan ta 2022 wadda ta raba dubban mutanen Jigawa da muhallinsu. Duk lokacin da ruwa ya ci ƙauyuka, cikin gari mutane ke dosa, wasu kuma ba sa komawa. Wato buƙatar ɗakin haya tana ƙaruwa daidai lokacin da ɗakunan ke raguwa.

A nan ne haɗarin yake. Tudu a Haɗeja yana da iyaka. Idan aka bar tudun ga shaguna da gidajen masu hali, wanda aka tasa ba shi da inda zai dosa sai kwari, inda fili ke da araha saboda kowa ya san ruwa na kwanciya. Buhun shinkafa da katan-katan na sabulu su kwana a busasshen wuri, malami da iyalinsa su kwana suna sauraren hadari. Idan damina ta yi ƙarfi kuma, gwamnatin da ta ƙi sa baki tun farko ita ce za ta buɗe makarantu ta tsugunar da su, ta raba tabarmi da gidan sauro, yara su yi makonni ba karatu.

Manyan biranen duniya sun daɗe da sanin wannan ciwo, ko da yake nasu ya fi shafar dogayen benaye da ake yankawa a sayar sashe-sashe bayan an tashi 'yan haya. Birnin San Faransisko na Amurka ya yi shekaru da dama yana ƙayyade irin wannan sauyi ga gidaje 200 kacal a shekara, ana fitar da su ta hanyar ƙuri'a, kafin ya sake tsarin a 2013. A birnin Washinton an yi doka a 1980 wadda ta wajabta wa mai gida ya fara yi wa 'yan hayarsa tayi kafin ya sayar wa bare. Jamus ta yi doka a 2021 da ta ba jihohi damar hana irin wannan sauyi sai da izini a wuraren da gidaje suka yi ƙaranci, birnin Berlin kuma ya yi amfani da ita. A ɗaya ɓangaren, Birtaniya ta buɗe ƙofar sayar da gidajen ƙananan hukumomi ga mazaunansu a 1980, zamanin Margaret Thatcher. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, amma ba a gina madadin da ya kai yawan waɗanda aka sayar ba, na baya suka zo suka tarar da dogon layi. Yankin Sikotland ya rufe wannan ƙofa a 2016.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. Bayan manufar mai da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta fito da ita a 2003, an sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja da Legas. Rukunin gidaje 1004 na Victoria Island, wanda ma'aikata ke zaune a ciki, an fitar da mazaunansa a ƙarshen 2005, daga baya aka gyara shi aka sayar ga masu hali. Darasin da ke ciki ga jiha kamar Jigawa a fili yake. Gidan gwamnati, ko kwatas ɗin malamai ne ko na ma'aikatan lafiya, idan aka sayar wa wanda ke ciki, an taimaki mutum ɗaya sau ɗaya. Idan aka riƙe shi, zai taimaki ma'aikaci bayan ma'aikaci har tsawon rayuwar ginin.

Masu gidaje suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Dukiyarsu ce, shari'a da doka sun ba su ikon sarrafa ta. Da yawansu ba attajirai ba ne. Marayu ne da zawarawa da tsofaffin ma'aikata da gidan shi ne fanshonsu. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin siminti da kwano ya yi tashin da kuɗin haya bai bi shi ba, ga ɗan hayar da ke shafe watanni bai biya ba. Wanda ya ce a hana irin wannan mutum sayar da gidansa ya ɗora masa nauyin da na al'umma ne gaba ɗaya. Haka kuma doka mai tsanani tana iya sa mutane su daina gina gidajen haya, a gudu ba a tsira ba.

Don haka abin da ya dace shi ne iyakancewa, kuma kayan aikinta suna nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, takardar mallaka kuma tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa. Mai da gidan zama wurin kasuwanci sauya manufa ne da ke buƙatar izini, sai dai an saba kallon izinin a matsayin kuɗin shiga kawai: a biya, a buga hatimi. Ya kamata hukumar tsara birane ta riƙa tambaya, kafin hatimin, iyali nawa ne ke cikin gidan kuma ina za su koma. A bakin manyan tituna da kewayen kasuwa ana iya barin shaguna, da sharaɗin a bar ɗakunan zama a baya ko a sama. A cikin unguwanni kuwa a ƙayyade adadin gidajen hayar da za a sauya a shekara. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda galibi da saninsu ake cinikin gida, su ne suka fi kowa iya riƙe wannan lissafi.

Sai batun wa'adi da tayi. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta tanadi wa'adin wata shida ga mai biyan shekara idan babu wata yarjejeniya, abin koyi ne, a ƙara da cewa kada wa'adin ya cika a tsakiyar damina ko tsakiyar zangon karatu. Tayin farko ga mazauna gida shi ma ba baƙon tunani ba ne a wurin Musulmi, domin fiƙihu ya san shuf'a. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a cikin dukiyar da ba a raba ba shi ke da wannan haƙƙi, ɗan haya ba ya ciki. Amma hikimar da ke bayansa, wato kawar da cuta daga wanda ciniki zai fi shafa, tana iya zama madogara ga majalisar dokoki. Ɗan haya ɗaya ba zai iya sayen gida ba, amma ƙungiyar adashi da taimakon juna ta malamai tana iyawa, idan an ba ta wata uku ta tara kuɗi maimakon ta ji labari bayan an gama ciniki. Magada ba su yi asarar komai ba a nan, tunda farashin kasuwa za a biya su.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma da wannan karin magana ake yawan yi wa ɗan haya gori, a ce ya je ya gina nasa. Malamin da ya fara aiki a kan albashin da bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, zai yi shekaru kafin ya mallaki fili a kan tudu, balle ya aza tubali. A tsawon waɗannan shekaru dole ya kwana a wani wuri, kuma nisan wurin daga makaranta shi zai yanke ko zai iso aji da ƙarfe takwas ko sai bayan an tashi tara.