Mai Mota Ɗaya a Kasuwar Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano ba zai kasa ganin jerin manyan motoci a bakin kasuwar Dawanau ba, wasu ana yi musu lodi, wasu kuwa sun yi kwana da kwanaki a tsaye. Wannan kasuwa da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma daga nan gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo suke bazuwa zuwa kudancin ƙasar nan da Jamhuriyar Nijar, har da ƙasashen ƙetare ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Da yawa daga cikin motocin nan na mutum ɗaya ne, wanda shi ne mai mota, shi ne direba, shi ne kuma mai biyan bashin da aka ci aka saye ta.

In ana maganar wahalar waɗannan bayin Allah, kowa kan fara da tsadar man gas, kuma da gaskiyarsa. A farkon 2022 ana sayar da lita ɗaya wajen Naira 300, kafin shekarar ta ƙare ta kai kusan Naira 800, a 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Da gwamnati ta saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, sai taya da batir da sauran kayan gyara, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, su ma suka bi sahu. Watau mai mota yana kashewa da farashin dala, yana karɓa da Naira.

To, amma fa a ganinmu ba nan ne gizo yake saƙa ba. Tsadar mai ta shafi kowa, kuma a hankali akan shigar da ita cikin kuɗin dako. Abin da ba mai biyan mai mota shi ne kwanakin da motarsa take tsaye. Babban kamfani yana da yarjejeniya da masu kaya, motarsa ta san abin da za ta ɗauko kafin ta tashi. Mai mota ɗaya kuwa sai ya jira ɗan kamasho ya haɗa shi da mai kaya, a cire la'ada, sa'an nan ya kama tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Legas, yana biya a shinge bayan shinge, wani da rasit, wani babu. In ya sauke, sai ya sake zaman jiran lodin komowa. In ya ƙosa ya taso wayam, ribar zuwa ta ƙare a man dawowa. Duk wannan lokaci yaron mota zai ci abinci, iyali suna jira a gida, mai bashi kuma ba ruwansa da ko mota ta motsa.

Shi ya sa duk wani rikici da ya tsayar da hanya kansa yake fara faɗawa. An ga haka lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. An sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sa'ad da motoci suka yi cincirindo a Jibiya, ba a kuwa buɗe iyakar daga ɓangaren Nijeriya ba sai Maris na 2024. Kamfani mai motoci hamsin yana iya karkatar da su wata hanya. Mai guda ɗaya in ta maƙale wata biyu, sau da yawa sayar da ita yake yi.

Ƙungiyoyin sufuri, irin su NARTO ta masu motoci da NURTW ta ma'aikata, sun fi ɗaga murya kan mai da lalacewar hanyoyi. Wannan daidai ne, amma akwai aikin da ba ya bukatar biliyoyin Naira. Kamata ya yi shugabannin kasuwa da na ƙungiya su buɗe rajistar lodi a Dawanau da takwararta a Legas, ta yadda direba zai san kayan komowa tun kafin ya tashi, a kuma ƙayyade kuɗin jira da mai kaya zai biya in ya tsayar da mota fiye da kwanakin da aka yi alkawari. Gwamnatocin jihohi kuma su haɗa kuɗaɗen da ake karɓa a hanya su zama takarda ɗaya, wadda in an biya a Kano za a amince da ita har Legas.