Tsaunin Jelato da Ƙaryar da Ke Cikinsa

Daga babbar majami'ar birnin Fulorens zuwa tsohuwar gadar Ponte Vecchio tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma. A wannan ɗan tsakanin baƙo zai wuce shagunan jelato bila adadin, akasarinsu sun tula kayansu a bayan gilashi kamar duwatsun Dala da Gwauron Dutse, wani kore shar, wani shuɗi, wani an soka masa yankan abarba a ka. A saman ƙofa kuma an rubuta kalma guda: artigianale, wato aikin hannu. Kallon kitse ake wa rogo. Mafi yawan abin da ke cikin waɗannan tulin ba aikin hannun kowa ba ne, kuma abin takaicin shi ne ba su karya wata doka ba da suka rubuta haka.

Italiya ƙasa ce da ta kafa wa abincinta shinge ta ko'ina. Cukun Parmigiano Reggiano yana da yankin da ba a yin sa a wajensa. Fistashiyon garin Bronte, da ake nomawa a gindin dutsen Etna a Sisili kuma ake girbewa sau ɗaya a shekara biyu, shi ma yana da hatiminsa. Amma jelato, wanda ƙasar take alfahari da shi a gaban duniya, babu dokar ƙasa da ta fayyace wane ne ya cancanci a kira shi na hannu. Wanda ya yi asubanci ya dafa madara, ya fasa ƙwai, ya niƙa 'ya'yan itace, da wanda ya yage ledar garin masana'anta ya kwaɓa da ruwa ya zuba a inji, suna ɗaya suke amsawa. Na farko yana biyan kuɗin madara da lokacinsa. Na biyu yana biyan hayar shago a bakin babban titi, kuma shi baƙi suke fara gani.

Tulin nan da kansa shi ne shaidar da ke tona asiri. Jelato na gaskiya ya bambanta da askirim ɗin masana'anta ta fuska uku: kitsensa kaɗan ne domin madara ta fi kirim yawa a ciki, iskar da ake kaɗawa cikinsa kaɗan ce, kuma ana ajiye shi a wajen digiri 12 ƙasa da sifili, ba 18 ba kamar na firjin kanti. Abu mai laushi haka ba ya iya tsayawa tsaye sama da bakin mazubinsa, inda sanyin bai kai ba; zai narke ya zube. In aka ga ya tsaya ƙyam tun hantsi har dare, to wani abu ne yake riƙe da shi: iska mai yawa, da daskararren man tsirrai, da sinadaran da ke hana narkewa. Mai saye yana biyan yuro ne a kan iska.

Launi ma haka. Fistashiyo in an gasa an niƙa, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa yake, ba shi da kyan gani. Ayaba da aka markaɗa tana yin toka-toka. Ruwan lemon tsami fari ne. Duk inda ayaba ta fito rawaya kamar ɓawonta, rini ne. Shi ya sa shagunan kirki da yawa suke ɓoye kayansu a cikin tukwanen ƙarfe masu murfi da aka nutsa cikin teburi, waɗanda ake kira pozzetti. Ba a ganin komai sai sunaye a allo. Ba dole ne kowane shago mai kyau ya yi haka ba, amma wanda ya yi ya nuna cewa da harshe yake ciniki, ba da ido ba. Kuma yana bin yanayi: kankana da zafi, ɓaure a ƙarshen bazararsu.

Za a ce ai abin kwaɗayi ne kawai, me ya yi zafi? Wannan magana ita ce ta ɗaure wa maguɗin gindi. Mutanen Fulorens suna jingina asalin jelato ga Bernardo Buontalenti, maginin fadar Medici a ƙarni na 16, kuma har yau akwai nau'in da ke ɗauke da sunansa. Wani ɗan Sisili, Procopio, shi ya buɗe Café Procope a Faris a 1686 ya yaɗa abin a Faransa. Sana'ar da ta kai wannan shekaru ba wasan yara ba ce. Tana nan da rai a Vivoli da ke lungu kusa da Santa Croce, da Perché No! da aka buɗe a 1939, da La Carraia a tsallaken kogin Arno. Kowane baƙo da ya tsaya a gaban tulin mai launi don ɗaukar hoto, ya ƙara wa mai ledar gari ƙarfin biyan hayar da mai dafa madara ba zai iya biya ba. Laifin na majalisar Italiya ne da ta bar kalmar a sake, amma masu yawon buɗe ido ba su fita ba.

Inda ake ha'inci a kaya, ba a rasa shi a farashi. A 2013 wasu 'yan Birtaniya sun biya yuro 64 a kan jelato huɗu kusa da matakalar Sifaniya a birnin Rum, labarin ya zaga jaridun duniya. Shagon kirki yana kafe farashinsa a bango, yana kuma nuna jerin abubuwan da ya haɗa ga duk wanda ya nema. Wannan jeri yana da amfani na musamman ga matafiyi Musulmi, domin wasu nau'o'in gargajiya da giya ake yin su: zabaione da giyar Marsala, malaga kuma da zabibin da aka jiƙa a barasa. Wanda ya dafa da hannunsa zai amsa tambayar nan take. Wanda ya yage leda sai ya koma ciki ya duba bayanta.