Jingar Ƙofar Gida da Haƙƙin Maƙwabci

Jama'ar New Bell,

Da zarar ruwan Yuli da Agusta ya kankama, kowannenmu sai ya cika buhuna da yashi, ya jera a ƙofar gida, ko ya ɗaga dokin ƙofarsa da siminti. Wannan ita ce ƙaramar jingarmu, kuma ba mu ga laifin wanda ya kare tabarmarsa da buhun garinsa ba. Sai dai ruwan da muka tare bai ƙafe ba. Gidan da ke ƙasa da namu ya nufa, galibi na tsohuwa ko ɗan haya wanda ba shi da kuɗin bulo.

Mun gaji tare ruwa ne daga arewa, inda ruwa yake da tsada. A 1979 aka tayar da jingar ƙasa ta Maga, tana shayar da shinkafar SEMRY. A Kano, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsu irin su Tiga da Bagauda. Can ma jinga ba ta yafe sakaci: ta Bagauda ta ɓalle a 1988, ta ci gonaki da gidaje.

Duwala kuwa wata ƙasa ce daban. Ruwan da ke sauka mana a shekara ya haura milimita 3,500. Unguwar nan, wadda Jamusawa suka yanka gab da yaƙin 1914, shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ƙasa yana kusa, kuma idan teku ya cika sai kogin Wuri ya ƙi karɓar abin da magudanai suka kawo masa. Hikimar arewa ita ce a riƙe ruwa, tamu a nan ita ce a ba shi hanya.

Hukumar birni tana da nata nauyin na manyan magudanai, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma ledar da ta toshe kwatar layinmu daga hannunmu ta fito. Muna roƙon sarakunan unguwa da limamai su sa ranar gayya tun watan Mayu: a yashe kwatoci, a kai shara inda motar HYSACAM za ta kwashe, kada kowa ya ɗaga jinga sai ya shawarci na ƙasa da shi.

Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, ruwan da muka tura masa yana cikin abin da za a tambaye mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka.