Awon Iska: Shaidar da Ke Tsare Alkawarin Ƙasashe

Sharhinmu na yau kan masu auna iskar sararin samaniya ne, waɗanda ba a cika jin sunansu ba, alhali duniya na cin moriyar haƙurinsu.

A 1985 masanan Birtaniya masu aiki da tashar Halley a yankin Antaktika suka sanar cewa rigar ozon, wadda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata da lalata ido, ta zaizaye ƙwarai a can. Sinadaran CFC na firji da na'urar sanyaya ɗaki ne ke cinye ta. A 1987 ƙasashe suka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal, zuwa 2010 kuma an haramta sarrafa su a ko'ina.

To, wa zai tabbatar an cika alkawari? A 2018 Stephen Montzka da abokan aikinsa na hukumar NOAA ta Amurka suka lura cewa sinadarin CFC-11 ba ya raguwa a sama yadda ya kamata, alamar ana yin sa a ɓoye. Tashoshin Gosan a Koriya ta Kudu da Hateruma a Japan suka bi sawun iskar har gabashin ƙasar Sin, inda ake zuba shi cikin kumfar da ke tare zafi a bangon gine-gine da firji. Hukumomin Sin suka kai samame, a 2019 awo ya nuna fitarsa ta ragu sosai. Gani ya kori ji.

Haka batun ɗumamar yanayi yake. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a tsaunin Mauna Loa na Hawai a 1958, kaso 315 ce cikin miliyan. Yau ta haura 420. Da ba a jure auna ta kullum ba, da har yanzu gardama ake yi.

Abin damuwar shi ne irin waɗannan tashoshi ba su da yawa a Afirka. Akwai Assekrem a Aljeriya, da tsaunin Kenya, da Cape Point a Afirka ta Kudu, amma faɗin nahiyar ya fi ƙarfinsu. Ga shi fari da ambaliya mu suke ci. Wanda ba shi da alƙalumansa, da na wasu za a yanke masa hukunci a teburin shawara.

Muna kira ga gwamnatocinmu da jami'o'inmu su kafa tashoshin awo, su horar da matasa, su ware musu kuɗin da ba ya yankewa.