Kafin Ka Ce "In Na Je Can Sai Na Juya Bizar"

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan zangon ƙarshe, hirar da ta fi tashe a ɗakunan kwana da bakin mai shayi yanzu ita ce ta fita waje. Lissafin kusan kowa iri ɗaya ne: a gama difloma, a sami gurbin karatu a Birtaniya, a shiga da bizar ɗalibi, in an je can sai a juya ta ta koma ta aiki. Wannan "sai a juya ta" ɗin nake so mu tsaya a kansa, domin a kansa ake sayar da fili, a kansa ake ciwo bashi. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai tafi ya yi lissafinsa kamar juyin ba zai yiwu ba. In ya yiwu, riba ce.

Dalilina na farko, juyin ba a hannun ɗalibi yake ba. Mai bizar karatun digiri an yarje masa aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin da ake zangon karatu, kuma ba shi da izinin buɗe sana'ar kansa. Tun watan Yulin 2023 aka hana ɗalibi tsallakawa zuwa bizar aiki kafin ya kammala kwas ɗinsa. Wato dabarar nan ta a biya rabin kuɗin makaranta, a sami aiki, a watsar da karatun, ta riga ta mutu.

In ka kammala, akwai bizar da suke kira Graduate, wadda aka fara a Yulin 2021. Tana ba ka shekara 2 ka zauna ka yi kusan kowane irin aiki, mai digirin digirgir kuma shekara 3. Amma sai ka gama digiri a can, sai makarantarka ta sanar da hukuma cewa ka gama, kuma a cikin ƙasar za ka nema kafin bizar karatunka ta ƙare. Sau ɗaya ake ba da ita, ba a sabuntawa. Gwamnati ma ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027.

Daga nan ne dutsen yake. Bizar ƙwararrun ma'aikata sai wani kamfani mai lasisi ya ɗauke ka, ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, wadda aka fi sani da COS, kuma ya yarda ya biya ka albashin da doka ta yanka. Albashin nan fam 26,200 ne a shekara kafin Afrilun 2024, sai ya tashi zuwa 38,700, a Yulin 2025 kuma ya koma 41,700. Akwai sassauci ga sababbin kammala karatu, amma na ɗan lokaci ne. Kuma ko ka samu, bizarka a ɗaure take da mai gidanka. Ya sallame ka, yawanci kwana 60 gare ka ka sami wani ko ka tattara naka-i-naka.

Dalili na biyu, dokar tana sauyawa kana tsakiyar kogi. Dubi shekarun da na jero. A Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, hanyar da 'yan Najeriya da yawa suka dogara da ita. Wanda ya tashi daga gida da wata doka, yakan gama karatu ya tarar da wata. Ga kuma naira. A 2024, bayan darajarta ta faɗi, an umarci wasu ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Ba su ma kai ga zancen bizar aiki ba.

Wani zai ce, to ai ga su wane can sun juya, suna turo kuɗi gida. Gaskiya ne, kuma Allah ya ƙara musu. Amma ka tambaye su shekarar da suka juya da irin aikin da suka karanta. Sannan wanda abin ya ƙi masa ba ya ɗora hoto a Facebook, shi ya sa muke ganin kamar kowa ya dace.

Ban ce kada kowa ya tafi ba, neman ilimi ko arziki a wata ƙasa ba laifi ba ne. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara bincika ko jami'ar za ta karɓi HND ɗinka kai tsaye ko sai ka yi shekarar cike gurbi, don wannan kuɗi ne na daban. Ka shiga shafin GOV.UK, jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi yana nan kyauta, ka duba ko fanninka na ciki. Duk ejen da ya ce ka kawo miliyoyi zai sayar maka da COS, wallahi ka riƙe kuɗinka, aiki na gaskiya ba a sayensa. Sannan ka zauna da mahaifinka ka gaya masa ƙarara: "Baba, mai yiwuwa in dawo da takardar digiri kawai." In ya ji haka ya ce a sayar da gonar, shi ke nan, da saninsa aka yi.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya zama kafin jarrabawar ƙarshe, a gayyato tsofaffin ɗaliban da suka je, da waɗanda suka dace da waɗanda suka dawo, mu ji ta bakinsu duka. Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri.